Yadda Motar Kawu Dankure Tab Buɗe Ruwa

Ke Kulsumi, aje tsintsiyar nan, sharar aji ba ta gudu. Zo nan bayan taga in hwaɗa miki abin da yah hwaru ran Assabar, don in ban amayar da shi yanzu ba, walle tsakiyar darasin lissahi zan hwashe da dariya a kore ni waje. Motarmu ta tahi. A'a, ba sace ta anka yi ba, wane ɓarawo za shi wahal da kainai. Ba kuma saida ta anka yi ba. Tsaya mana, daga tushe zan ɗauko miki.

Kin dai san Kawu Dankure, ƙanen innata, wanda ni ka zamne gidanai Gwadangaji saboda makaranta. Mai shagon kayan keke bakin kasuwa. To shi a ganinai, tunda shina saida sarƙa da siɓok na taya, duk wani abu mai ƙarhe a duniya ɗan gidansu na. Bara yat tahi Ambursa gyara ma wani abokinai injin ban-ruwa, har yau da guga mutumin ka shayar da albasatai, kuma ba su gaisawa.

Bayan damina sai ga Kawu da mota daga Sakkwato. Tsohuwa ta, Kulsumi, irin wadda mai ita yat tuƙa har yag gaji, yab ba ɗanai, ɗan shi ma yag gaji. Ba wanda yas san launinta na asali. Ƙohwar baya da robar keke anka ɗaure ta. Amma ki riƙe wanga da kyau: tana tahiya. Lahiyarta lau. A murɗa makulli ta yi tari biyu ta tashi, ta kai mu asibiti, ta kai mu biki, ta maido mu. Ba ta taɓa yi ma kowa laihi ba.

To matatai, Inna Sadatu, ɗiyar Sarkin Ruwa Labbo ta, can wata tunga bayan Argungu. Kowace shekara suna da ranar su, ranar da a ka buɗe babban tabkinsu kowa shi shiga kamun kihi. Kawu kuwa ruwa ko na baho in sun kai mai ƙirji sai ya yi salati. Duk shekara in an tahi, maza na cikin ruwa, shi shina bakin gaɓa cikin mata shina gadin takalma. Tsohon bai taɓa zaginai ba, ya dai iya kallo. Wanga kallo shi ad damuwar Kawu tun ran da yay yi aure. Don haka bana ya aika takanas a hwaɗa ma tsohon kada shi kuskura shi taka da ƙahwa zuwa tabki, shi zamna ƙohwar gida da rawaninai, surukinai na zuwa da mota shi ɗauke shi gaban duk garin. A san Sadatu ba mai gadin takalma ta aura ba.

Da ma ya tsaya nan.

Maƙwabcinmu Maigandi, tsohon nan mai zama bisa buzu gindin darbejiya, wanda bakinai ya hi reza, shi yaj ja muna. Cewa kawai yay yi tunda tahiya ta gaban suruki ta, ai gara a kai motar gareji a yi mata sabis. Kawu yad dibe shi awa ya zagi uwatai. Yac ce kanikawa mi sunka sani ban da shan shayi da lashe hannu? Yac ce shi da yah haɗa keke ya hi dubu, mota ai keke biyu ta anka jera anka aza rumhwa bisa. Da hannunai za shi yi sabis, ƙohwar gida, kowa shi zo shi koya kyauta.

Maigandi yac ce, "Allah shi ba mu ilimi mai amhwani, Injiniya. Bari in jawo buzuna kusa."

Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci anka hwara. Kin san gareji suna da rami wanda a ka shiga a ga cikin mota. Kawu yac ce shi ma sai da rami. Yak karɓi galmar maƙwabta yag gina, yag gina, shina gumi shina bayani, har ramin yaz zo mai ƙugu. Bai auna hwaɗin mota ba. Yash shiga, yaj ja ta gaba a hankali shina leƙe ta taga, sai ji munka yi ƙum, tayar hagu ta zurma, mota ta durƙusa awa raƙumi za a yi mai lodi. Sai da anka tattaro majiya ƙarhin unguwa, har da mai nama da ladan, anka ciccibe ta. Kawu na tsaye shina ba da umurni, wai da ma shina son shi gwada ƙarhin sipirin. Anka shimhiɗa ƙyauren bayan gidanmu bisa gehen ramin sannan tas samu wurin tsayawa. Har yanzu zane ka rataye wurin ƙyauren, in za ki shiga sai kin yi gyaran murya.

Sai juye baƙin mai. Yal leƙa cikin gida yaɗ ɗauko babbar tukunyar da Inna Sadatu ka turara shinkahwa, ba tare da ya tambaya ba, yash shige rami da sipana. Munka daɗe muna jin ƙwanƙwasa da tsaki. Can sai ga mai na zuba. Kawu yat turo kai waje baƙi ƙirin shina murmushi, wai kowa shi matso shi ga aikin masana. Maigandi yal leƙa tukunya yac ce shi dai jahili na, amma man nan awa bai da yawa, kuma warinai daban. Kawu yac ce ai alamar mota mai tattali ke nan.

Kulsumi, ashe ba na injin yak kwance ba, na giya yat tsiyaye tas. Wanga sai jiya munka ji daga bakin direban da yam maido mu. Injin na nan cike da mainai ba a taɓa shi ba. Kawu yah hito, yab buɗe bonet, yaj juye mata sabon mai galan guda bisa wancan. Da yaz zaro sandar awo yag ga mai ya wuce alama ya kusa kai hannu, sai yaɗ ɗaga ta sama kowa shi gani. Yac ce kanikawa da gangan su ka barin mota da yunwa don ka riƙa komawa, shi tashi a ƙoshe za ta kwana.

Maigandi yac ce, "Haka na. Ko jariri in ana son shi yi ƙiba ɗura a ka yi mai."

Daga nan yak koma kan hulogi, 'yan ƙarahunan nan masu hwarin kai da ka ba injin wuta. Yat tumɓuke wayoyinsu gaba ɗaya awa mai cirar gyaɗa, yak kwance su, yas sa anka kawo toka da soso yad dirje su sunka yi ƙal, yash shanya bisa hwaihwan Inna. Akuyar ladan taz zo tas sa baki, hwaihwai yak kihe, anka bazu ana tonon ƙasa. An dai same su, ɗaya cikin kwata. Da anka zo maida wayoyi sai mai nama yat tambaya ko kowace da gurbinta. Kawu yay yi dariya har da riƙe ciki. Yac ce wayoyi huɗu uwa ɗaya uba ɗaya, launi ɗaya, wace za ta ce ba ta zama ɗakin 'yar'uwarta? Yac cusa kowace inda hannunai yah hwaɗa.

Batir kuma yac ce ƙishirwa shi ka ji, yaɗ ɗebo ruwan randa da moɗa yash shayar da shi har sunka zubo.

Amma babban aikin shi na lagireto, tankin ruwan nan na gaba. Da ma shina ɗan ɗiga, ɗigo ɗaya yau ɗaya gobe, ba wanda yad damu. Kawu yac ce ya taɓa jin direbobin manyan motoci na cewa in an zuba gari mai yauƙi ciki, shi ka bin ruwa shi liƙe hudar. Wane gari? Bai tsaya ji ba. Yash shiga madahi yad diba, yad diba, yaɗ ɗauko kwanon garin kuka.

Nan na Inna Sadatu tah hito. Da ma tana cike tun da tag ga tukunyarta. Tat tsaya bakin zaure da mayahi tac ce, "Malam, mota za ka gyara ko tuwon dare za ka ɗora? In tuwo na, ga daddawa nan in miƙo maka."

Kawu yac ce mata su tsaya inda Allah ya aje su, wagga magana ta injiniyoyi ta. Yaj juye kwanon duka, yab bi da ruwa, yad dama da kara.

Da anka gama, sai ga noti-noti da 'yan ƙarahuna sun yi saura cike da murhin kwano. Ladan yan nuna mai. Kawu yac ce waɗannan na ado na, masu ƙera mota ka sa su don su ƙara mata nauyi a ƙara kuɗi. Yaz zuba su aljihu. Yaƙ ƙi tada ta ranar, wai bayan sabis mota na son ta huta magani shi bi jikinta.

Assabar da sassahe munka yi wanka munka ci ado. Kawu yas sa babbar rigatai hwara mai aska takwas wadda yay yi aure da ita, da hula, da tabarau. Inna gaba da ƙullin goro da atamhwa na tsarabar gida, ni baya kusa da ƙohwar roba. Unguwa duk an hito. Kawu yaɗ ɗaga ma jama'a hannu, yam murɗa makulli.

Shiru. Yas sake. Tac ce ƙyat, awa an taka ƙadangare.

Yac ce barci ta ka yi mai daɗi saboda ƙoshi. Anka sake tattaro majiya ƙarhin jiya, yanzu ba su ko dariya. Sunka tura mu har bakin titi, sunka maido, sunka sake turawa. Can tay yi wata girgiza, haƙorana sunka haɗu, tat tashi. Kulsumi, hayaƙi. Ban taɓa ganin irinai ba ko ran da anka ƙone bolar kasuwa. Hwari, mai kauri, awa an buɗe ƙohwar girgije. Masu turi sunka ɓace ciki, tari kawai mu ka ji. Wata tsohuwa tah hito da bokiti tana salati tana tambayar gidan wa. Muryar Maigandi taz zo daga cikin hayaƙin, wai unguwa na godiya, bana ba mu ba sauro.

Kawu yac ce dattin shekara da shekaru na ka hita. Yas sa giya. Giya tay yi wani kuka awa ana niƙa tsakuwa. Munka tahi.

Tahiya dai sunanta tahiya. Mota na tsalle, ta yi gaba ta yi tunani, ta yi atishawa ta salansa, bututun hayaƙin nan na baya, ta sake gaba. Kahin mu bar Birnin Kebbi giya tal liƙe a ta biyu, taƙ ƙi gaba taƙ ƙi baya. Kawu yak kama sandar da hannu biyu, yas sa gwiwa, yay yi mata magana mai daɗi, yaz zage ta. Daga baya yac ce da ma ta biyu ita ta giyar manya, gaggawa ta yara ta. Wani mai keke ɗauke da buhun shinkahwa yaw wuce mu, yay yi muna sallama, yat tsaya gaba yash sha hura, munka ishe shi, yas sake wuce mu yas sake sallama. Inna tana kallon gaba. Ni kuwa na cusa gehen kallabi cikin baki har hawaye.

Muna shiga Ambursa sai wani ƙamshi. Ni na zaci daga gidajen bakin hanya na. Inna tash shaƙa, tash shaƙa, taj juya tad dibi Kawu. Sai ga tururi daga bonet, sai ga wani abu kore shina tahwasa shina bulbulowa ta hancin mota, shina dalala da yauƙi har ƙasa. Munka tsaya daidai inda mata ka saida shinkahwa. Kawu yab buɗe bonet, abin yay yi tsartuwa yab bi gaban babbar riga tun daga wuya har aska ta ƙarshe.

Mata sunka kewaye mu. Ɗaya tad dangwala da yatsa tas sansana, tac ce ma 'yan'uwanta walle miya ta, kuma ta yi kauri, gishiri kawai ta rasa. Wata tat tambayi Inna, da gaskiyarta hwa, wai Hajiya irin wagga mota da ka dahuwa tana tahiya, ina a ka samunta? Inna tac ce guda ɗaya ta duk ƙasar ga, daga Gusau har Yawuri, kuma bisa kanta Allah yaɗ ɗora ta.

Kawu na ta bayani ga wanda bai tambaye shi ba, wai alamar maganin ya kama ke nan. Anka ɗebo ruwan hwadama da tulu anka ƙara, miya tat tsinke kaɗan. 'Yan kasuwa sunka tura mu. Haka munka yi ta yi, mu yi tahiya mu tsaya mu ƙara ma miya ruwa, har munka ratsa Argungu mutane na toshe hanci suna nuna mu da baki. Inna tac ce a aje motar nan gidan wani a hau ta haya, ko don a ishe tsoho bai gaji da jira ba. Kawu yac ce ko da rarrahe, cikin motar ga Sarkin Ruwa za shi shiga.

Da munka kai tunga rana ta take. Ƙohwar gidan Sarkin Ruwa ba kowa sai tabarma da wata jikanyatai. Tac ce Baba ya zamna da rawani tun hantsi, mutane na zuwa suna ce mai lokaci na wucewa shina cewa surukinai na tahe, har dai kunya tak kama shi yat tashi yat taka da ƙahwa. Inna tar ruhe huska da mayahi. Kawu yac ce ba komi, in ba a kai shi ba ai a maido shi, kuma yanzu ma jama'a ta hi taruwa. Yaj juya sitiyari sai tabki.

Bari in gwada miki yadda abin shi ke, don ke ba ki taɓa zuwa ba. Tabkin nan shekara guda ba mai jehwa ko ƙugiya ciki. Ranar su, duk masunta na tungayen kewaye su jeru can nesa da gaɓa, kowa da homa biyu, tarunan nan na hannu, da babban gora na iyo. Ba mai motsi. Sarkin Ruwa shi shiga jirgi shi kaɗai da mai tuƙa shi, shi kewaya tabki shina addu'o'inai, shina sallamar kadduna su ja gehe su ba bayin Allah wuri. Sai ya gama ya ɗaga hannu, sannan wani dattijo, Kalilu, shi harba tsohuwar bindigar toka sama. Ƙarar nan ita ta buɗe ruwa. Kahin ita, ko ɗan sarki yas sa ƙahwa ya ja ma kainai.

To mun ishe su daidai nan. Mutane awa ƙasa, tsit, makaɗa sun ɗaga gula suna jira. Tsoho na tsakiyar ruwa tsaye cikin jirgi, rawani hwari tas, bai ko kai rabin kewaye ba. Kalilu na tsugune shina ɗura ma bindiga albarushi.

Mai hankali sai shi tsaya baya shi kashe mota shi saje da mutane. Kawu yab bi ta bayan layin masunta, hayaƙi na biye, miya na ɗiga, har yaz zo daidai tsakiya inda kowa za shi gan shi. Yag gyara tabarau. Yac ce ma Inna bari shi ɗan taka totur tsoho shi waiwayo shi san an iso. Yat taka har ƙasa, mota tay yi kururuwa, yak kashe makulli.

Salansa tac ce tau.

Kulsumi, ni da ni ke cikin motar sai da nid duƙe. Tsuntsaye sunka tashi daga itace. Kahin ƙarar ta gama dawowa daga wancan gaɓa, ƙasa ta ɗauki rawa. Duk masuntan nan sunka zabura da gudu, gora na karo da gora, makaɗa sunka saki kiɗa, mata na guɗa. Kalilu na nan tsugune da bindiga a hannu, yad dibi bakinta, yas sansana, yad dibi sama. Yam miƙe shina ihu ba shi na ba, ba shi na ba, wa ka jin shi.

Tsoho kuwa yaj juyo yag ga duniya ta taho mai. Yaɗ ɗaga hannu biyu shina tsaida su, su kuma sunka ɗauka albarka shi ka sa musu, sunka ƙara gudu. Ruwa sunka tumbatsa, jirgi yay yi dama yay yi hagu yak kihe. Sarkin Ruwa guda, wanda anka ce tun shina saurayi rigatai ba ta taɓa jiƙa ran su ba, sai ga rawaninai na yawo bisa ruwa shi kaɗai awa hwarar agwagwa. Wani ma yak kai mai homa.

Can kuma sai wani yat tuna ba a gama sallamar kadduna ba. Magana tab bazu. Rabin mutane sunka yo waje da gudun da yah hi na shiga, rabi sunka ce in kada ya zo shi ma a auna shi. Wani gungume yat taɓa ƙahwar wani ƙato, yay yar da gora yah haye kahwaɗar maƙwabcinai. Alhamdu lillahi ba wanda yaj ji ciwo, kihi dai sun sha dariya, don rabinsu ta tsakanin ƙahwahu sunka wuce.

Inna tac ce, "Malam, tada motar ga mu gudu."

Yam murɗa. Ko ƙyat ɗin ba ta ce ba.

Sai ga tsoho ya hito. Ruwa na zuba daga gemunai, kai ba rawani, wata 'yar ciyawa bisa kunne. Bai yi sauri ba. Jama'a sunka dare, yat tako har gaban mota, dattawa na biye, Kalilu na gehe shina ta rantsuwa a sansana bindigatai. Tsoho yad dibi hayaƙi, yad dibi koren abin da ka ɗiga, yad dibi rigar Kawu. Kawu yah hito yad durƙusa yac ce Baba barka da ruwa. Ke ji gaisuwa.

Tsoho yat tambaya a hankali wa yay yi harbi.

Nan hwa, da Kawu ya ce kuskure na, mota ta lalace, a yi haƙuri, da an yi mai hwaɗa an bar shi. Inna na ta yi mai alama da ido. Amma ya ga mutane sun kewaye, ya ga duk ido na kainai karo na hwarko a garin nan. Sai yam miƙe yak kakkaɓe riga.

Yac ce, "Baba, ai da gangan na. Ni nis saita ta da hannuna jiya. Na ga bindigar Kalilu ta tsuhwa, nic ce bari in hutar da shi. Wagga ba ta son albarushi, ba ta ƙin tashi, kuma kun dai ji muryarta."

Tsoho yac ce, "Kai kas saita ta."

"Da hannuna, Baba. Ba bakanike ko ɗaya."

"Don ta buɗe ruwa."

"Don ta buɗe ruwa."

Tsoho yag gyaɗa kai, yaj juya ga dattawa yat tambaye su, tun kakanni, abin da a ka buɗe ruwa da shi ina shi ka kwana. Sunka haɗa baki sunka ce gidan Sarkin Ruwa, ɗakin homa. Yat tambaya ana hita da shi gari? Sunka ce haram, sai ran su, shekara shekara. Yat tambaya ana ba da aro? Sunka ce ko ga ɗan cikinai.

Sai yac ce, "To mun gode, Dankure. Ba a taɓa yi muna kyauta irin wagga ba. Kalilu, karɓi makulli."

Kawu yar riƙe makulli gam. Yac ce Baba ai, wato, akwai sauran gyara. Tsoho yac ce a'a, kada a taɓa ta, yadda ta ke ɗin nan ta yi daidai, baɗi ma haka a ka son ta. Makaɗa da sunka ji sai sunka juya kiɗa kan Kawu, maroƙi na wasa shi, mai bindiga mai taya huɗu, angon Sadatu mai miya a gaba. Masunta jiƙe sharkaf sunka sa kahwaɗa sunka tura mota cikin gari, yara na bi suna guɗa. Ƙohwar ɗakin homa ba ta isa ba, sai anka aje ta gindin tsamiya cikin gida anka lulluɓe da tsohon taru. Kahin mu gama cin abinci kaza ta shige ta ƙohwar roba.

Inna kuwa ta shiga ɗakin innarta, nij ji su suna wani irin sauti, na zaci kuka na. Da nil leƙa sai nig ga su kwance bisa gado suna dukan katihwa.

Jiya Lahadi munka dawo bayan motar albasa, bisa buhunna, ido na yaji. Kina zaton ya yi shiru? Tun daga Argungu shi ka ba 'yan lodi labari, wai duk jihar ga a gwada mai mutum guda da motatai ta samu muƙami a masarautar ruwa. Wai surukinai roƙonai yay yi. Direba ya saurari yadda anka yi sabis ɗin tun wurin shan shayi, shi yah hwaɗa muna zancen man giya da wayoyi, Kawu yac ce hassada ta ta 'yan sana'a.

Muna gab da Ambursa sai motar albasa tay yi ɗan tari, guda ɗaya tak. Nig ga kunnen Kawu ya motsa. Yas sa hannu aljihu, noti-notin nan da yat taho da su sunka yi ƙara. Yad daki ruhin mota yac ce direba shi tsaya, ya ji abin da ka damunta, aikin minti kaɗan na.

Direba yaƙ ƙara wuta. 'Yan lodi biyu sunka matso kusa da shi. Inna Sadatu tat tashi a hankali daga buhunta, tag gyara zane, taz zamna daram bisa gehen babbar rigatai, ba ta ɗaga ba har Gwadangaji.